Filin Likitan Dabbobi: Karen Azawak a Gidajen Kano

Assalamu alaikum. Tun ƙarshen damina saƙonni suke shigo mini a kan kare iri ɗaya, kowa da sunan da yake kiransa. Wani ya ce karen Buzaye, wani ya ce karen Nijar, wata baiwar Allah kuwa cewa ta yi "dogon nan mai kama da barewa". Da na jera hotunan sai na ga abu ɗaya ake nufi, shi ya sa na ware masa filin wannan fitowar. Na taƙaita wasiƙun saboda wuri, amma ban sauya maganar kowa ba.

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a Dawanau, gidana kuma yana Nassarawa. Wani abokin cinikina mutumin Tawa, wanda muka daɗe muna harkar wake da gero, ya kawo mini kwikwiyo kyauta. Ya ce na makiyayan arewacinsu ne, kuma a wurinsu ba kowa ake ba ba. Yanzu ya kusa shekara. Dogo ne, launin rairayi, ƙirjinsa da ƙafafunsa fari. Damuwata ita ce duk abincin da ake ba shi haƙarƙarinsa a waje yake, ƙashin ƙugunsa a tsaye. Baƙi suna shigowa suna cewa mu ji tsoron Allah, muna kashe dabba da yunwa. An ba shi maganin tsutsa sau biyu, babu canji. Yaron gidana ya ce a riƙa zuba masa man shanu a tuwo. Me ke damunsa? Ga hotuna nan da ɗan bidiyo.
Daga wani Alhaji, Nassarawa.

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Na duba hotunan, na kalli yadda yake zagaya tsakar gida, kuma kare lafiyayye na gani. Ka dakatar da yaron nan kafin ya fara zuba man shanun.

Abokinka ba ƙaramar kyauta ya yi maka ba. Wannan shi ne karen da duniya ta sani da Azawak, sunan wani busasshen kwari mai faɗi da ya ratsa arewa maso yammacin Nijar ya shiga gabashin Mali. In ka wuce Tawa ka yi arewa, wajen Abalak da Cintabaraden, ka shiga ƙasarsa ke nan, har zuwa Menaka a Mali, ana kuma samunsa a arewacin Burkina Faso. Buzaye da Fulani makiyaya ne suka riƙe shi tun kaka da kakanni, Buzaye suna ce masa oska. Da dare yana tsare zango da dabbobi daga kura da dila, da rana kuma ya bi zomo ko barewa. Da ido yake farauta, abin da ya gifta shi yake bi, kuma in ya miƙe yana haura kilomita 60 a awa.

Turai ba ta san shi ba sai farkon shekarun 1970, lokacin da aka kai 'yan ƙalilan tsohuwar Yugoslabiya da Faransa. Da fari ma haɗa shi aka yi da Sulugi, karen farautar mutanen Maroko, kafin a gane iri ne daban. Ƙungiyar FCI mai rajistar nau'o'in karnuka, wadda hedikwatarta ke Beljiyam, ta ba shi lamba 307, ita kuwa takwararta ta Amurka, AKC, sai a 2019 ta yi masa cikakkiyar karɓa. Har yau a ƙasashen can ba kasafai ake ganinsa ba. Abin yana taɓa ni, domin daga Kano zuwa ƙasarsa tafiyar mota ce, amma mu in mun gan shi tausayinsa muke ji, mu ce an bar shi da yunwa.

Ga ma'aunin da aka rubuta masa. Namiji yana kai santimita 64 zuwa 74 daga ƙasa zuwa kafaɗa, nauyinsa kilo 20 zuwa 25. Macen santimita 60 zuwa 70, kilo 15 zuwa 20. Ka ga kare mai wannan tsayin da kilo ashirin da 'yan kai, dole ƙashi ya nuna. Tsayinsa ya ɗara tsawon gangar jikinsa, ƙirjinsa mai zurfi ne, cikinsa a lafe, ƙashin ƙugu kuwa daidai yake da kafaɗa ko ya ɗan fi ta tashi. Ma'aunin Amurka ma cewa ya yi a ga ƙasusuwan haƙarƙari uku zuwa biyar. Fatarsa siririya ce, kitse kaɗan ne a ƙarƙashinta, da haka jikinsa yake fitar da zafi a ƙasar da inuwa ke wuya.

Ni ma ba a makaranta na fara gane wannan ba. Ina sabon shiga aiki, wani Buzu mai gadi a Bompai ya kawo karyarsa da ƙaya a dagi. Da na ga haƙarƙarinta sai na fara yi masa nasiha a kan haƙƙin dabba. Bai ce mini komai ba, ya kama hannuna ya ɗora a kan cinyarta. Tsoka na ji kamar dutse. Da na cire ƙayar ba ta ko yi gurnani ba, idonta yana kansa har muka gama, da suka fita kuma ba igiya, tana gefensa kamar inuwa. Tun ranar, duk ramammen karen da aka kawo mini cinya nake fara taɓawa.

Kai ma haka za ka yi. In cinya a cike take, gashi yana sheƙi, dasashi ja-ja ne, kashi ba ruwa-ruwa ba, yana ci yana wasa, to lafiya lau yake. Ramar ciwo daban take: cinya ta zube, dasashi ya yi fari, gashi ya dusashe, ciki ya yi tulu ko a ga zawo. Ka ɗora shi a sikelin da kuke auna buhu sau ɗaya a wata ka rubuta. Ɗan shekara ɗaya bai gama cika ba tukuna, zai ƙara tsoka nan da shekara mai zuwa. Maganin tsutsa kuma sau ɗaya a wata uku ya ishi babban kare, a daina ɗura masa don a ga ya yi ƙiba.

Maganar abinci, a can gero da nono ne cimarsa, sai abin da farauta ta kawo, don haka ba sai ka nemi abincin gwangwani ba. Tuwon gero ko shinkafa, da dafaffen nama ko kayan ciki daga abbatuwa, da ƙwai dafaffe, da ɗan kindirmo marar sukari, da kabewa ko karas, sun wadatar. Hanta kaɗan-kaɗan. A dafa masa nasa daban, domin ragowar miyarmu cike take da albasa da tafarnuwa, su kuwa suna lalata jinin kare a hankali. Kada a ba shi goro, ko cakulan, ko inabi, ko dafaffen ƙashin kaza mai tsagewa. Mai da yawa kuma amai da ciwon ciki mai tsanani yake jawowa. A raba abincin biyu, safe da yamma, kuma kada a bar shi ya yi gudu da cikakken ciki. Karnuka masu zurfin ƙirji tumbinsu yana iya murɗewa. In ka ga ciki ya kumbura kamar ganga, yana yunƙurin amai ba abin da ke fita, ko tsakar dare ne a nemi likita, wannan ba ya jiran wayewar gari.

Baƙin naka kuma ka gode musu, tausayi ne ya sa su magana. Ka ce su dubi cinyarsa, amma daga nesa, don ba ya son hannun baƙo.

TAMBAYA: Salamu alaikum Likita. Maigidana ya dage sai ya kawo irin wannan karen gida, wai abokinsa karyarsa ta haihu. Ni kuma ina da 'yan biyu masu shekara huɗu, ga awaki biyu da kaji da kyanwa. Gidanmu ba ya rabo da mutane, almajirai suna shigowa aiki, yaran maƙwabta suna shigowa wasa. Surukata kuma ta ce in kare ya shigo ita ta daina zuwa, saboda najasa da salla. Don Allah ka gaya mini gaskiya, yana da faɗa? Zai zauna da yara?
Daga Maman 'yan biyu, Tarauni.

AMSA: Hajiya, kin yi daidai da kika tambaya tun kare bai shigo ba. Yawancin masu zuwa wurina sai an yi cizo suke tambaya.

Halin Azawak kashi biyu ne, kuma tsakaninsu akwai katanga. Ga mutanen gidansa yana da sanyi da shaƙuwa irin wadda ban cika gani a wani kare ba. Ba mai tsalle-tsalle da lashe-lashe ba ne. Zai zo ya kwanta kusa da ƙafar wanda ya zaɓa, in ya tashi ya bi shi da ido, in ya yi tafiya ya rage cin abinci. Ga baƙo kuwa kamewa yake yi. Zai ja da baya, ya tsaya yana kallo, in baƙon ya matso ya yi haushi, in ya miƙa hannu zai iya kai masa hafta. Yawancin karnukan gudu ba su damu da gadi ba, shi kuwa gadin a jininsa yake, don aikin da aka tashe shi a kai ke nan.

To ki auna wannan da gidan da kika kwatanta. A zangon makiyaya baƙo daga nesa ake hango shi. A Tarauni kuwa yaro ne zai banko ƙofa da gudu yana ihu, almajiri ya shigo da kwano, mai tallan awara ta leƙo. Shi karen bai san wane ne ɗan unguwa ba, kuma duk abin da ya ruga a gabansa zuciyarsa tana ce masa bi. Wannan ne ya fi damuna, fiye da 'yan biyunki. Su in ya tashi tare da su nasa ne, zai haƙure musu, da sharaɗin ba a barinsu su kaɗai da shi, ba sa hawa bayansa, ba sa taɓa shi yana ci ko yana barci. Awaki ma ya saba da su tun asali. Kaji da kyanwar gida, in tun yana ƙarami ya san su, sau da yawa yana ƙyale su, amma kyanwar maƙwabta da ta diro ta katanga ba ta da wannan alfarmar.

In har za a kawo shi, watanni huɗun farko su ne komai. Abin da kwikwiyo ya gani ya saba da shi kafin ya kai sati goma sha huɗu zuwa sha shida, shi zai ɗauka a matsayin duniya. A bar shi ya ga mai rawani da mai hijabi, tsoho mai sanda, yara, ƙarar babur da janareto, kowa ya jefa masa ɗan nama ba tare da ya kama shi ba. Sannan a yi masa shinge a cikin gida, wanda za a tura shi ciki duk lokacin da ƙofar waje take buɗe. In maigida ba zai iya waɗannan biyun ba, shawarata a haƙura.

Maganar Hajiya babba kuma ba ta wasa ba ce, kada a yi mata gardama. Fatawa ta malamai ce, amma abin da muka karanta a zaure zan iya faɗa. A mazhabar Malikiyya da muke bi, duk mai rai tsarkakakke ne, har da yawunsa da guminsa, kare ma yana ciki, wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai kuwa bin umarni ne na ibada. Ajiye shi a gida kuma magana ce daban. Hadisi ya inganta cewa wanda ya riƙi kare ba don farauta ko dabbobi ko gona ba ladansa yana raguwa kullum, da kuma cewa mala'iku ba sa shiga ɗakin da kare yake. Risala ma ta hana riƙon kare a gidaje sai don waɗannan dalilai. Masu sharhinta sun kawo cewa shi kansa mai littafin, Ibnu Abi Zaid, da katangar gidansa ta faɗi ya ji tsoro, sai ya ajiye kare, kuma malamai da yawa sun halatta na gadin gida in akwai buƙata. Ku je wurin malamin da surukarki ta yarda da shi, ku faɗa masa dalilinku tsakani da Allah.

Abin da nake ba gidaje irin naku shawara shi ne, karen ya sami wurinsa a tsakar gida, da rumfarsa da kwanukansa, ba ya shiga ɗakuna. Sai dai wurin ya zama inda yake ganin mutanen gida suna kai da kawo, inda maigida zai zauna da yamma ya zo ya kwanta kusa da shi. In aka kai shi bayan gida kusa da sokawe aka manta da shi, sai a sami abin da mai tambaya na gaba ya samu.

TAMBAYA: Likita, nawa karen shekararsa biyu. Da yana ƙarami ba shi da matsala, amma da na koma makaranta sai aka ɗaure shi da sarƙa a bayan gida. Yanzu kullum kuka yake da dare, ya cinye ƙofar kejinsa, wuyansa ya yi gyambo, jiya kuma ya kai wa ƙanena cizo, Allah ya sa riga ya kama. Abokaina sun ce hakan yana da kyau, ya zama karen gadi, wai in ƙara rufe shi a duhu in riƙa zuba masa barkono a abinci ya ƙara zafi. Babana kuma ya ce a kai shi daji a yar.
Daga wani ɗalibi, Rijiyar Zaki.

AMSA: Ɗana, wasiƙarka ta hana ni sukuni, kuma na ji daɗi da ka rubuto maimakon ka bi abokanka. Karenka bai zama karen gadi ba, wahala ce ta kai shi bango. Dabba ce da aka halitta don gudu a fili da zama cikin jama'arta, aka raba ta da duka biyun a lokaci guda. Barkono da duhu ba sa koya wa kare bambance ɓarawo da ɗan gida, tsoro kawai suke cusa masa, kare mai tsoro kuwa na kusa da shi yake fara cizo. Ka ga ai ƙanenka ya fara kai wa. Kuma ka tuna hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Abin da muka ɗaure yana wuyanmu. Yarwa a daji ma ba mafita ba ce, yunwa ko mota ce za ta kashe shi, ko ya ciji ɗan wani a hanya.

Fara da wuyan. A sa masa takunkumi a kai shi likita a wanke gyambon, don ciwo kaɗai yana sa kare cizo. Sarƙar ta tafi. A kewaye masa wuri mai inuwa inda zai iya zagayawa, shingen ya kai kamar mita biyu, domin tsalle ba ya yi masa wuya. Sannan kai da kanka, tunda kai ya sani, ka riƙa ba shi abinci da hannunka, ka fita da shi sau biyu a rana, bayan Asuba da kuma in rana ta yi sanyi. Yana jure zafi fiye da karnukan Turai, amma kwaltar Kano a watan Afrilu tana ƙona dagi. Abin wuyan da za ka sa masa ya zama mai faɗi da taushi, kuma ya kama daidai, saboda kansa siriri ne, yana zare shi daga abin wuya in ya firgita.

Tafiya da igiya ba ta isarsa, yana buƙatar ya miƙe ƙafa ya yi gudu sosai ko sau biyu ko uku a mako. Amma sai a wurin da yake kewaye, kamar gona mai katanga a bayan gari ko fili mai ƙofa. Kada ka kuskura ka sake shi a bakin titin Gwarzo ko cikin unguwa. In ya hango abin bi, kunnensa ya toshe ke nan, kiranka ba zai dawo da shi ba, ga Adaidaita Sahu ta ko'ina. Abin mamaki shi ne in ya sami gudun nan, sauran yinin a kwance yake yi shiru.

Bulala kuma a ajiye ta gaba ɗaya. Wannan kare yana riƙe abu, wanda ya doke shi sau ɗaya ya daɗe bai sake yarda da shi ba. Da ɗan nama da murya mai sanyi ake koya masa zo, zauna, bari. Ƙanenka ya daina zuwa kusa da shi tukuna. Bayan kwana biyu ya fara wucewa daga nesa yana jefa masa abinci, ba kallon ido, ba miƙa hannu. Abin zai ɗauki makonni, wataƙila watanni. In karatu ba zai bar ka ba, ka nema masa mai gona ko mai garke da ya san kan kare, ka kai shi da kanka, ka yi 'yan kwanaki kana zuwa har ya saba.

Ka duba jikin ƙanenka da kyau. In haƙori ya ko karci fata, a wanke da sabulu da ruwa mai gudu na minti goma sha biyar, a tafi asibiti a ranar, a tafi da katin rigakafin karen in yana da shi.

TAMBAYA: Tawa karyar tun da hunturu ya shigo take karkarwa da dare. Ga kaska ta dame ta, ina fesa mata fiya-fiya amma suna dawowa. Ko karkarwar ciwo ce?
Daga wani magidanci, Hotoro.

AMSA: Malam, ka daina fesa fiya-fiyar nan yau ɗin nan. Guba ce, tana ratsa fata, karya kuma tana lashe jikinta, ga shi wannan irin fatarsa siririya ce. Karkarwa tana cikin alamomin gubar, tare da dalalar yawu, amai, zawo da ƙanƙancewar ƙwayar ido. In ka ga ɗaya daga ciki, ka wanke ta da sabulu da ruwa mai yawa ka kai ta likita nan take. Haka baƙin man mota da ake shafa wa kare don ƙazuwa, shi ma a bari.

In kuwa da rana garau take, sai dare take rawar jiki, to sanyi ne. Gashinta gajere ne ƙwarai, cikinta kusan babu gashi, babu kitsen da zai tare ta, daren Disamba da Janairu a Kano kuma yana sauka ƙasa da digiri 15. Ɗaga ta daga siminti, a sa katako a shimfiɗa buhu da tsohon bargo, a tare ɓangaren da iska ke shigowa. Rigar sanyin yara ta gwanjo daga Ƙofar Wambai tana shiga jikinsu daidai in an yanke hannun. Shimfiɗar ma ba don hunturu kaɗai ba, ƙasusuwanta a waje suke, kwanciya a siminti tana yi musu kanta da gyambo. Ruwan sama ma ba sa so. Wanka kuwa ba sai an yawaita ba, tsumma mai laima ya isa, kuma ba su cika wari ba.

Kaska tana dawowa ne saboda ƙwanta yana cikin tsagar bango da ƙasa, ba a jikin karyar ba. Sai an yi maganin wurin kwananta tare da ita. Akwai magungunan da aka yi don kare, na ɗigawa a ƙeya da na haɗiya, likita zai ba ka gwargwadon nauyinta bayan ya auna ta. Kada a raina kaska, tana sa cututtukan da ke cinye jini. Alamarsu zazzaɓi, farin dasashi, fitsari kamar ruwan shayi ko haɓo. Da damina kuma ka lura da ƙurji mai ɗan rami a tsakiya, tsutsar wani ƙuda ce da ke yin ƙwai a ƙasa mai laimar fitsari. In an toshe ramin da basilin tana leƙowa a matse ta, maganinta na asali kuwa share wurin kwana.

Ba ka ambaci rigakafi ba. Allurar haukan kare ana fara ta a wata uku, a maimaita duk shekara, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana yin ta a nan gida. Ciwon nan in alamunsa suka bayyana a jikin mutum ko dabba, kusan ba a tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma yara suna da yawa a ciki. Duk ranar da za a yi mata aiki, ka tuna wa likita cewa karen gudu ce. Saboda ƙarancin kitse, wasu alluran barci suna daɗewa ba su sake su ba. Kada kuma ka ba ta maganin ciwon jiki na mutane.

TAMBAYA: Na ga ana tallan 'ya'yansa a Facebook da tsada. Ina so in sayi mace in riƙa sayar da 'ya'ya. Akwai riba?
Daga wani matashi, Sharaɗa.

AMSA: Ƙanena, ba na ba ka shawara. Macen Azawak sau da yawa sau ɗaya take neman namiji a shekara, ba sau biyu ba kamar sauran karnuka, kuma gidajen da za su iya riƙe shi yadda ya kamata a cikin birni kaɗan ne. Kare ne da yake kai shekara 12 zuwa 15. Duk kwikwiyon da ka sayar wa wanda ya saya don ado, ƙarshensa sarƙa, kamar na Rijiyar Zaki. Sannan ba duk dogon siririn kare ne Azawak ba. Karnukan 'yan farautarmu da yawa suna da wannan ƙirar, kuma karnuka ne nagari masu juriya, sai dai bai halatta a sayar da su da sunan da ba nasu ba.

In don kanka kake so, kana da fili da lokaci, to kada ka biya kuɗi a kan hoto. Je ka ga uwar da idonka, ka ga yadda take da mai ita da yadda take karɓar baƙo. Ka tambaya ko akwai farfaɗiya a danginta, don tana cikin cututtukan da aka sani a wannan irin, tare da ciwon maƙoƙon da ke sa kasala da zubar gashi. Wanda aka tsallako da shi daga Nijar, ka nemi takardar lafiyarsa. Kada ka karɓi wanda bai kai sati takwas ba, a wurin uwa da 'yan'uwansa yake koyon sassauta cizo. Allurar farko ta zawon jini da sauran cututtukan kwikwiyo ana yin ta a sati shida zuwa takwas, a maimaita duk bayan sati uku ko huɗu har ya kai sati goma sha shida. Ranar da za ka kawo shi asibiti ka riƙe shi a hannu ko a kwali, kada ka sauke shi a ƙasa, domin ƙwayar zawon jini tana yin watanni a cikin ƙasa tana da rai.